Wutar Gargaɗin Inji Mai Kamawa Tana Ɗaukewa: Abin da Ke Kawo Ta da Yadda Ake Gano Shi

Idan 'yar fitilar nan ruwan ɗorawa mai siffar inji da ke kan dashbod, wadda direbobi ke kira wutar cek, ta kama ta zauna daram, mai mota ya san akwai abin da zai je a duba masa. Wadda ta fi ɗaure kai ita ce mai kamawa ranar Litinin, ta ɗauke ranar Laraba, ta yi shiru na mako biyu, sannan ta dawo ana tsakiyar tafiya, kuma ranar da aka kai motar gareji ta ƙi nuna kanta a gaban makanike. Yawancin mutane sukan ɗauka cewa ɗaukewarta alama ce ta warkewa, wasu kuma su ce fitilar ce da kanta ta sami matsala. Da wuya ɗaya daga cikin biyun ya zama gaskiya. Kamawa da ɗaukewar suna bin wata ƙa'ida da aka gina a cikin ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, kuma wanda ya san ƙa'idar ya riga ya rage wa kansa rabin wahalar nema.

Tun daga motocin shekarar 1996 doka ta wajabta wa ƙananan motocin da ake sayarwa a Amurka tsarin binciken kai da ake kira OBD-II, sannan Turai ta bi sahu da nata makamancinsa a 2001 ga motoci masu fetur, a 2004 kuma ga masu dizal. A wannan tsari ƙwaƙwalwar mota ba ta gaggawar kunna fitila. Ga yawancin matsaloli, idan ta ga abin da bai yi daidai ba a tafiya ɗaya, sai ta rubuta shi a gefe a matsayin lamba mai jiran tabbaci, ta yi shiru. Sai idan abin ya maimaita kansa a tafiya ta gaba ne za ta tabbatar da lambar ta kunna wuta. Haka kuma idan aka yi tafiya uku a jere, ta sake gwada wannan ɓangaren ba ta ga laifin ba, za ta kashe fitilar da kanta, amma lambar tana nan a ajiye a cikinta har sai inji ya yi zagaye 40 na tashi daga sanyi zuwa cikakken zafi ba tare da laifin ya dawo ba. Saboda haka fitilar da ta ɗauke jiya tana nufin abu ɗaya ne kawai, wato sau uku aka duba ba a kama mai laifin ba. Shaidar tana nan a cikin motar, kuma ana iya karanta ta ko da dashbod ya yi tas.

Daga nan ake fahimtar irin matsalolin da ke haifar da wannan wasan ɓuya. Abin da ya mutu gaba ɗaya, kamar wayar da ta tsinke ko sansar da ta ƙone (sansa ita ce 'yar na'urar da ke auna wani abu ta sanar da ƙwaƙwalwa), yakan kunna fitila ta zauna. Mai kamawa tana ɗaukewa kuwa takan fito ne daga abin da ke gab da mutuwa, wanda ke aiki daidai a wani yanayi ya gaza a wani, wato da zafi ko da sanyi, da danshi, da girgizar hanya, da nauyin hawan tudu, ko da yawan man da ya rage a tanki.

Kafin a shiga neman dalili, akwai bambancin da ya wajaba direba ya sani. Fitilar da ta kama tsaye ba ta motsi, mota kuma tana tafiya lafiya, ba ta hana a ƙarasa tafiya a kai ta gareji cikin 'yan kwanaki. Fitilar da ke ƙyafta ido kuwa, tana kamawa tana ɗaukewa kusan kowace daƙiƙa, tana sanar da cewa wata silinda tana fashin ƙona mai sosai, abin da makanikai ke kira misin, kuma ɗanyen fetur yana gangarawa cikin salansa inda zai ƙone a kan matatar hayaki ya narkar da ita. A wannan hali ana sassauta ƙafa daga totur nan take, a rage gudu, a nemi wurin tsayawa. Jar fitilar baƙin mai mai siffar buta da jar fitilar zafin inji su kuma maganarsu daban ce, domin idan ɗaya daga cikinsu ta kama ana kashe inji ne ba tare da jira ba.

Matakin farko ba ya buƙatar ko sukundireba. Direba ya ajiye takarda da biro a mota, ko ya yi amfani da wayarsa, duk lokacin da fitilar ta kama ya rubuta halin da ake ciki: da sanyin safiya ne ko bayan doguwar tafiya, a cikin cunkoso ne ko a buɗaɗɗen titi, an yi ruwan sama ko an wanke motar, an sha mai kwanan nan ko tanki ya kusa ƙarewa, an faɗa rami, an kunna na'urar sanyaya mota, inji ya yi kakkarwa ko ƙarfinsa ya ragu. Bayani uku ko huɗu irin wannan sukan nuna wa makanike inda zai dosa fiye da awa guda na laluben cikin bonet.

Mataki na biyu shi ne karanta lambar. Akwai soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin dashbod ta ɓangaren direba, galibi kusa da sitiyari, inda ake jona na'urar karanta lamba, kuma ƙananan na'urorin da ke haɗuwa da wayar hannu ta Bluetooth sun isa wannan aiki a yawancin motoci. A karanta lambobin da aka tabbatar da kuma masu jiran tabbaci, sannan a buɗe wani shafi da mutane da yawa ke tsallakewa, wanda ke ɗauke da hoton halin da inji yake ciki a daidai lokacin da laifin ya faru, wato saurin juyawarsa, gudun motar, zafin ruwan lagireto, nauyin da inji ke ja, da yadda ƙwaƙwalwa ke gyara awon mai. Ga matsalar da ba ta zama wuri ɗaya, wannan hoto ya fi lambar kanta daraja. A ɗauke shi da kyamarar waya kafin a taɓa komai. Babban kuskuren da ake yi a nan shi ne cire kan batir ko danna maɓallin gogewa don fitila ta mutu, domin hakan yana shafe lambar da hoton gaba ɗaya, sai a koma jiran ranar da laifin zai ga dama ya sake fitowa.

Lambar tana nuna unguwar da matsala take, ba ta nuna ƙofar gidan. Wadda ta ambaci wata sansa tana iya fitowa daga sansar, ko wayarta, ko soket ɗinta, ko kuma daga ainihin abin da sansar ke aunawa, wanda ta faɗi gaskiya a kansa. Wanda ya sayi kayan gyara a kan lamba kaɗai yakan sayi abu biyu ko uku kafin ya dace.

Mafi sauƙin dalili shi ne murfin tankin mai. Motoci da yawa, musamman waɗanda aka ƙera don kasuwar Amurka, suna gwada ko tururin fetur yana yoyo daga tanki da bututansa, kuma murfin da ba a ɗaure da kyau ba ko wanda robarsa ta tsage yana kawo lambobi irin su P0455, P0442, P0456 ko P0457. Dalilin da ya sa fitilar ke zuwa jefi-jefi a nan shi ne gwajin ba kullum ake yin sa ba, galibi sai man tanki yana tsakanin kashi 15 zuwa 85 cikin ɗari kuma inji ya tashi daga sanyi. Don haka fitila na iya kamawa kwana biyu bayan shan mai, lokacin da direba ya riga ya manta da wanda ya rufe masa tanki. A cire murfin a duba robar, a mayar a murɗa har ya yi ƙara, a ba motar 'yan kwanaki.

Inda na fi ganin wannan fitila tana wahalar da mutane shi ne ɓangaren wuta, wato fulogi da koyil. Lambar P0300 tana nufin fashin yana yawo tsakanin silinda daban-daban, P0301 tana nufin silinda ta ɗaya, P0302 ta biyu, haka har ƙarshe. Fulogin da bakinsa ya cinye yana buƙatar wuta mai ƙarfi kafin tartsatsi ya tsallaka, kuma buƙatar tana ƙaruwa idan an taka totur sosai a hawan tudu ko lokacin wuce wata mota, shi ya sa mota za ta yi sulo lafiya lau a gareji amma ta riƙa fizga a kan hanya. Koyil kuma yana da nasa hali, domin siririyar wayar da aka naɗe a cikinsa tana buɗewa idan ta yi zafi, sai ya yi aiki na rabin awar farko sannan ya fara yankewa. Idan jikinsa ko robar da ke sauka kan fulogi ta tsage, danshi yana ba wutar gajeriyar hanya zuwa jikin inji.

Na taɓa fama da irin wannan a wata mota mai silinda huɗu da fitilarta ba ta kamawa sai washegarin ranar da aka yi ruwa. An canza mini fulogi sau biyu a wani gareji ba tare da an karanta lamba ba. Ranar da na jona na'ura da kaina na ga P0303, hoton kuma ya nuna inji bai ko ɗumama ba lokacin da abin ya faru. Da na zare koyil na uku na juya shi a hasken rana, sai ga wani siririn layi fari-fari kamar an ja shi da alli a gefen robar, daga sama zuwa ƙasa, wanda shi ne sawun da wuta ke bi tana tserewa. A ƙasan ramin fulogin kuma akwai ɗan baƙin mai da ya taru daga gasket ɗin murfin inji, ya jiƙa bakin robar ya kumbura ta.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke raba gardama a irin wannan hali. A musanya koyil na silindar da ake zargi da na maƙwabciyarta, a ci gaba da hawa motar. Idan lambar ta tashi daga P0303 ta koma P0302, laifin ya bi koyil. Idan ta zauna inda take, a yi wa fulogi irin wannan musanya, in har yanzu ba ta motsa ba sai a koma kan nozul na wannan silinda ko a auna matsin cikinta. Duk wannan ana yin sa inji a kashe, domin wutar koyil tana kai dubban bolt.

Wayoyi da soket su ne na biyu a wahala, kuma su ne aka fi mantawa da su saboda ba kaya ba ne da ake saya a kwali. Soket ɗin da ƙugiyarsa ta karye, ƙarfen cikinsa da ya yi tsatsa kore-kore, wayar da ta daɗe tana gogar wani ƙarfe har rigarta ta cinye, wadda ɓera ya ɗanɗana, ko wayar ƙasa da ke haɗa inji da jikin mota wadda notinta ya saki, duk suna yanke saƙo na ƙiftawar ido idan an faɗa rami ko inji ya karkata wajen tashi. Alamar da ke tona asirinsu ita ce fitowar lambobi da yawa na sansa daban-daban a lokaci guda, ko lambobin da suka fara da harafin U, waɗanda ke nuna ɗaya daga cikin kwamfutocin motar ta daina jin wata. Da wuya sansa huɗu su mutu rana ɗaya, amma abu ne mai sauƙi su yi tarayya a waya ɗaya. Hanyar kamawa ita ce a bar inji yana sulo, na'ura tana nuna karatun sansar, a riƙa motsa damin wayoyin da hannu gaɓa-gaɓa ana nesa da fanka da bel, har a zo inda karatun zai yi tsalle ko inji ya yi tuntuɓe.

Batir da altaneta suna da alaƙa da wannan. Lafiyayyen batir a huce yana nuna kimanin bolt 12.6, idan inji yana aiki kuma ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.7 a yawancin motoci. Batirin da ya tsufa yana faɗuwa ƙasa sosai lokacin tayar da inji, kan batir mai sako-sako yana yankewa a kan gargada, kuma duka biyun suna rikita ƙwaƙwalwa ta rubuta P0562 ko wasu lambobi marasa kan gado. Gwajin bai wuce minti biyu da mitar wuta ba, don haka ya cancanci a fara da shi kafin a zargi wani abu mai tsada.

Sai maganar iska da mai. Injin fetur yana son kimanin kashi 14.7 na iska a kan kashi ɗaya na mai bisa nauyi, kuma ƙwaƙwalwa tana ƙara mai ko ta rage don ta riƙe wannan awo. Idan gyaran da take yi ya wuce iyaka sai ta rubuta P0171, wato iska ta yi yawa, ko P0172, wato mai ya yi yawa. Motar da ke zaune a bakin iyakar takan tsallaka yau ta dawo gobe. A nan ma hoton lokacin laifi shi ke raba hanya. Idan iskar ta yi yawa a sulo amma abin ya daidaita da aka ƙara wuta, a nemi ɓarauniyar iska, wato tiyon roba da ya tsage ko gasket da ke shaƙa, wanda sau da yawa yakan yi yoyo da sanyi ya toshe kansa idan ƙarfe ya yi zafi ya faɗaɗa. A lanƙwasa babban tiyon da ke tsakanin filtar iska da inji a duba cikin ninkinsa, domin tsagar da ke wurin ba ta buɗewa sai inji ya motsa. Idan kuwa ƙarancin man yana fitowa ne a kan gudu da nauyi, zargi ya koma kan famfon mai da ya gaji, filtar mai da ta toshe, ko sansar awon iska da ta yi datti. Wannan sansa ana wanke ta da feshin da aka yi dominta kawai, ba a taɓa siririyar wayarta da hannu ko tsumma. Famfon mai kuma fetur ɗin tanki ne ke sanyaya shi, don haka wanda ya raunana yakan fi nuna halinsa idan tanki ya yi ƙasa a rana mai zafi. Fitilar da ta kama jim kaɗan bayan shan mai tare da kakkarwa, ta kuma ɗauke bayan an sake cika tanki a wani wuri, tana nuni ga gurɓataccen mai ko mai ruwa a ciki.

Sansar iskar oksijin da ke jikin salansa ba ta cika mutuwa farat ɗaya ba. Tsohuwar iri tana kai-komo tsakanin bolt 0.1 da 0.9, idan ta tsufa sai ta yi nawa, wani lokaci ta ci gwaji da ƙyar wani lokaci ta faɗi. Lambar P0420, wadda ke cewa matatar hayaki ba ta aiki yadda ya kamata, ita ma haka take a farkonta, takan zo bayan doguwar tafiya ta tafi a cikin gari. A ganina wannan ce lambar da ta fi cin kuɗin mutane a banza, domin ɗan huji a salansa kusa da sansa ko sansar baya da ta gaji suna iya kawo ta, kuma ko da matatar ce ta lalace da gaske, akwai abin da ya kashe ta, fashin wuta ko shan baƙin mai, wanda zai kashe sabuwar idan ba a gyara shi ba.

Akwai wasu da za a ambata a taƙaice. Tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, da ya maƙale a buɗe, ko wanda aka cire gaba ɗaya da sunan maganin zafi, yana hana inji kai zafin aikinsa, sai P0128 ta riƙa fitowa a lokacin sanyi ta ɓace a lokacin zafi. A injinan da ke sauya lokacin buɗe bawul da matsin baƙin mai, man da ya yi ƙasa ko ya yi kauri da datti yana kawo P0011 da 'yan uwanta, don haka a zaro sandar awon mai kafin a sayi komai. Bawul ɗin EGR, mai mayar da wani ɓangare na hayaki cikin inji, idan baƙin hayaki ya daskare a cikinsa yakan maƙale ya saki. Sansar karanshaf, wadda ke auna juyawar inji, mai lamba P0335, ta fi su haɗari, domin idan ta yi zafi tana iya kashe mota a tsakiyar titi, ta ƙi tashi sai ta huce na wasu mintuna, kuma motar da ta yi haka ko sau ɗaya ba a jinkirta gyaranta. A motocin dizal na zamani kuma, yawan gajerun tafiye-tafiye yana cika matatar toka da ke salansa, fitila ta kama, ta ɗauke bayan an yi doguwar tafiya matatar ta ƙone abin da ta tara.

Idan aikin ya fi ƙarfin mai mota, ya je wa makanike da takardar bayanansa da hoton lambobin, ya kuma nemi a nuna masa gwajin da ya tabbatar da laifin kafin a cire wani abu. Makaniken da ya ce a bar masa motar ya zagaya da ita da na'ura a jone, a irin yanayin da fitilar ta saba kamawa, yana kan hanya madaidaiciya ko da hakan zai ci kwana ɗaya ko biyu. A canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, a kuma karɓi tsohon a ajiye, saboda idan fitilar ta dawo a san wanda aka wanke daga zargi.

Bayan gyara ne kaɗai gogewar lamba take da amfani. Da zarar an goge, duk gwaje-gwajen da ƙwaƙwalwa ke yi suna komawa matsayin waɗanda ba a kammala ba, kuma fitila ba za ta iya kamawa a kan wani ɓangare ba sai an sake gwada shi, shi ya sa kashewarta a ƙofar gareji ba ta tabbatar da komai. A hau motar na kusan mako guda, a haɗa da tashi daga sanyi, da cunkoso, da tafiya mai tsawo a gudu ɗaya, tanki kuma yana wajen rabi, a tabbata an sake bi ta yanayin da ke cikin takardar nan, ko tudu ne ko safiyar bayan ruwa. Daga nan a sake jona na'ura a duba abu biyu, wato ko gwaje-gwajen sun nuna an kammala su, da kuma ko akwai wata lamba a shafin masu jiran tabbaci.